Ina Zaiba Ke Tafiya Bayan An Ƙona Curin Zinare?



Zaiba ƙarfe ce, amma a ruwa-ruwa take a yanayin zafin da muke rayuwa a ciki. Halinta shi ne ta narkar da wasu ƙarafa cikin jikinta: zinare, azurfa, kuza. Baƙin ƙarfe kuwa ba ta kama shi, shi ya sa ake safararta a kwalaben ƙarfe. Yashi ma ba ruwanta da shi. Wannan zaɓen da take yi ne mai haƙar zinare a Anka ko Bukkuyum ta jihar Zamfara yake cin moriyarsa. Sai ya niƙa dutse, ya wanke garin, ya zuba zaiba ya murza da hannu, ta bi ta tsince ƙwayoyin zinaren da ido ba ya gani. Ya tace a ƙyalle ya matse, a samu curi mai laushi, wajen rabinsa zaiba. Dabarar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1550 Bartolomé de Medina ya yi amfani da ita wajen fitar da azurfa a Pachuca ta ƙasar Meziko.

Daga nan sai wuta, kuma nan ne damuwata take. Zaiba tana tafasa a digiri 357, zinare kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064. Da an gasa curin, zaiba ta tashi tururi, zinare ya rage a cokali. Mai aikin yana ganin ta ƙone. Wallahi ba ta ƙone ba. Tururin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma huhu yana tsotse kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa, ya miƙa wa jini, jini ya kai ƙwaƙwalwa da ƙoda. Sai rawar hannu, mantuwa, saurin fushi, kumburin dasashi. Zaibar da ta sauka a rafi kuma ƙwayoyin halitta na cikin laka su mayar da ita wani nau'i mafi dafi da ke taruwa a naman kifi. Irinsa ne ya nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita.

Yara fiye da 400 da muka rasa a Zamfara a 2010 dalma ce ta kashe su, ba zaiba ba. Amma ƙofa ɗaya gubobin biyu suka bi, wato aikin ma'adini a tsakar gida, kusa da murhu da goyo.

Ba na cikin masu cewa talaka ya bar rami, alhali ba a ba shi wata sana'ar ba. Akwai tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu wadda ke kama tururin, ya huce ya koma zaiba a sake aiki da ita, kuma mai walda na gari zai iya ƙera ta. Ina roƙon hakimai da shugabannin ƙungiyoyin masu haƙa su wajabta ta, su kuma hana gasa curi a cikin gida ko a shagon kasuwa.