Magani Yana Bin Sanin Cuta: Wa'azi Kan Ciwon Noma da Amanar Yara

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda ya kawo mu wannan wata mai alfarma da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi masu saurarenmu a Magariya da Dungas, da Bande da Waca da Kwaya da Sasumburum, da Yekuwa da Malawa da Guci da Dogo-Dogo, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Darasinmu na yau ya shafi cututtukan da ba kasafai ake ganinsu ba, waɗanda sukan ɓuya a bayan cututtukan da muka saba da su, har lokacin magani ya wuce ba a gane su ba. Za mu ɗauki guda ɗaya daga cikinsu, wadda take cin fuskokin ƙananan yara a ƙasarmu, mu yi bayaninta, sa'an nan mu ga abin da addini ya ɗora mana a kanta.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya sanar da mu kowace cuta tana da maganinta, kuma waraka tana zuwa da izinin Allah idan maganin ya dace da cutar. Mu lura da wannan sharaɗi na dacewa. A ruwayar Imamu Ahmad daga Ibnu Mas'ud kuma an ƙara bayyana cewa maganin akwai wanda ya san shi, akwai wanda ya jahilce shi. Malamai sun fahimci daga nan cewa neman sanin cuta yana cikin sabuban da shari'a ta yi umurni da su, domin maganin da ba a san cutarsa ba harbi ne a cikin duhu. Magabatanmu sun yi aiki da wannan. Abubakar ar-Razi, likitan Bagadaza da ya rasu a shekarar 925 Miladiyya, ya zauna ya rubuta bambancin da ke tsakanin agana da ƙyanda, a zamanin da ake cakuɗa su. A nan ƙasar Hausa ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a fannin magani tare da nauyin mulki da yake kansa.

Cutar da muke nufi likitoci suna kiranta noma. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona. Kalma ce ta Girkanci mai ma'anar cinyewa. A wasu sassan ƙasar Hausa ana ce mata ciwon daji, wasu kuma su jingina ta ga iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, wato daga lokacin yaye zuwa lokacin da haƙoran manya suke fara fitowa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998 ya nuna yara kusan 140,000 ne suke kamuwa da ita a kowace shekara, kuma idan ba a yi magani ba, har tara cikin goma suna iya rasuwa. Dalilin da ya sa asibitoci ba su cika ganinta ba ke nan: yawancin yaran a gida suke cikawa, ba a kai su ko'ina ba, ba a kuma rubuta sunan abin da ya kashe su ba.

Ga yadda take tafiya. Takan fara da ciwon dasashi: ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini idan an taɓa shi. Daga nan sai gyambo ya fito a dasashin, bakin yaro ya soma wari mai tsanani, yawu ya yi ta dalala, yaro ya ƙi abinci. Bayan haka kunci ko leɓe ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe yaron. Cikin 'yan kwanaki sai baƙin tabo ya bayyana a kan kumburin, alamar naman wurin ya mutu. Naman ya zube, rami ya buɗe a fuska, wani lokaci har ƙashi da haƙora da hanci su tafi. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako biyu. Yaron da ya rayu kuwa, tabon yakan ɗaure masa muƙamuƙi, ya kasa buɗe baki, ci da sha da magana su zame masa wahala har girmansa.

Me yake kawo ta? Ƙwayoyin cuta ne irin waɗanda suke zaune a cikin baki, waɗanda jiki mai ƙarfi yake rinjayarsu kullum. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagewar bangon a nan ita ce tamowa, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da rashin tsabtace baki. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba a kuma gadonta. Ƙasashen Turai sun yi fama da ita ƙarnoni da dama, ta ɓace musu sa'ad da abinci da tsabta suka wadata, sa'an nan ta sake ɓulla a sansanonin da Jamusawa suka tsare mutane cikin yunwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan kaɗai ya ishe mu hujja cewa cuta ce mai bin yunwa duk inda ta je, ba ta san wata ƙabila ko wani gida ba.

Mu mutanen wannan yanki mun san waɗannan tsagogi sarai. Mun san yadda rumbu yake yin ƙasa tun kafin damina ta yi nisa, sauro kuma ya iso daidai lokacin. Tun 2005, shekarar da yunwa ta yi tsanani, ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta fara aiki a Magariya, kuma a daminar 2018 an kai ga yara fiye da 700 suna kwance lokaci guda a sashen yara na asibitin garin. A cikin irin wannan cunkoso, inda kusan kowane yaro ya zo da zazzaɓi da rama, cutar da ba a saba gani ba tana da sauƙin ɓuya. Uwar da ta ce wa likita bakin ɗanta yana wari kwana uku, ta ba shi mabuɗin da zai iya ceton ran yaron.

Ta yaya likita yake gane ta? Da tambaya da dubawa yake farawa. Zai tambayi yaushe ciwon ya soma, ko yaron ya yi ƙyanda kwanan baya, me yake ci, me aka ba shi a gida. Zai haska cikin bakin, ya taɓa kuncin, ya auna damtsen yaro domin sanin girman tamowa, ya gwada jini domin zazzaɓin sauro da ƙarancin jini. Sa'an nan ya rarrabe ta da masu kama da ita, domin kumburin fuska iri-iri ne. Akwai ƙurjin da ruɓaɓɓen haƙori yake kawowa. Akwai hangum, mai kumbura ƙasan kunne. Akwai wata kansa ta yara mai kumbura muƙamuƙi, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma maganinta dabam ne ƙwarai. Idon uba da idon mai magani a kasuwa ba su iya rarrabe waɗannan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ne mai ɗaukar lamunin ɓarnar da ta biyo baya. Masu yawo da kwandon ƙwayoyi su ji tsoron Allah game da wannan hukunci.

Maganinta kuwa, idan an zo da wuri, ba mai wuya ba ne. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne sanannu, irin su amoksisilin da metironidazol, bisa awon da likita ya yanke, tare da wanke baki, da ƙarin ruwa, da madara da abincin masu tamowa. Yaron da aka kawo yana matakin gyambon dasashi yakan warke fuskarsa lafiya lau. Wanda aka kawo bayan baƙin tabo ya fito ana iya ceton ransa, amma naman da ya mutu ba ya dawowa. Sai a jira ciwon ya warke, jiki ya yi ƙarfi, sa'an nan a shiga aikin tiyata na gyaran fuska, sau da yawa aiki bayan aiki, tare da motsa muƙamuƙi na tsawon watanni. Ku dubi nisan da ke tsakanin ƙwayoyin 'yan kwanaki da tiyatar shekaru. Jinkirin mako guda ne ya raba su.

Kada wanda yake da mai wannan tabo a gida ya yanke ƙauna. A Damagaram akwai cibiyar gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan, wadda take kula da yara masu noma tun 1992, tana shirya musu tiyata a Yamai, masu tsanani kuma a kai su Janeba. A Sakkwato akwai asibitin noma da aka kafa a 1999, wanda MSF take tallafa wa tun 2014. A ranar 15 ga Disamba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Idan likitan ƙauye ya rubuta takarda ya ce a tafi Magariya, ko na Magariya ya ce a wuce Damagaram, kada mu ɗauka gazawa ce. Wanda ya san iyakar saninsa ya miƙa ka ga wanda ya fi shi sani ya cika amana.

Wani zai ce, ai ciwo da lafiya duka ƙaddara ce. Gaskiya ne, kuma mun yi imani da haka. Amma mu tuna Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, sa'ad da ya nufi Sham ya ji labarin annoba ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Tafiya asibiti ma ƙaddara ce, kuma ita ce wadda aka umurce mu da zaɓa. Mu yi addu'a, mu yi tofi da abin da ya tabbata, muna kan hanya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Ƙais 'yar Mihsan ta zo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da ɗanta bayan ta danna masa maƙogwaro saboda ciwon wuya, kamar yadda matan Larabawa suka saba. Ya hana wannan azabtarwa, ya nuna mata magani mafi sauƙi. To yaya zai kasance da mai ƙona kuncin yaro da ƙarfe, ko tsaga shi da aska, ko cusa masa gari a cikin gyambo? Al'ada ba ta zama hujja idan tana cutar da yaro.

Ga abin da muke roƙon kowane gida. Na farko, uwa ko uba su riƙa buɗa bakin ƙaramin yaro suna dubawa cikin haske, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi ko yaye. Na biyu, a riƙa tsabtace masa baki kullum. Annabinmu ya so asuwaki har ya nuna cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da ya wajabta shi a kowace salla; mun riƙe wannan sunna ga kanmu, sai mu kai ta ga 'ya'yanmu, ƙanana a goge musu da tsumma mai tsabta da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri. Na uku, a kai yara allurar rigakafin ƙyanda, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake rabawa da damina, a kwana cikin gidan sauro. Na huɗu, idan aka ga jini a dasashi tare da wari, ko kunci ya kumbura, a tafi likita a ranar. Ba a jira ranar kasuwa, ba a jira maigida ya dawo daga ci-rani. Magidanta masu tafiya su bar izini a bayansu, su faɗa da bakinsu cewa in yaro ya yi ciwo a kai shi, domin kowannenmu makiyayi ne abin tambaya game da kiwonsa. Na biyar, a faɗa wa likita gaskiya, har da abin da aka shafa ko aka shayar a gida. Ɓoye masa ɓatar da shi ne.

Azumi kuma ba ya hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Allah ya yi rangwame ga marar lafiya da matafiyi, shari'a kuma ta yi rangwame ga mai ciki da mai shayarwa idan sun ji tsoro ga kansu ko ga abin da suke ɗauke da shi. Matar da nononta ya ragu, jaririnta yana ramewa, ta tambayi malami ta karɓi sauƙin da Ubangijinta ya yi mata. Mu da muke ɗanɗana yunwa daga alfijir zuwa faɗuwar rana da zaɓinmu, mu tuna da yaron da yake cikinta ba da zaɓinsa ba. Cikin abin buɗa-bakinmu da zakkarmu da zakkar fid-da-kai, mu nemi gidajen da ake da ƙananan yara ramammu: ƙwai, wake, gyaɗa, madara, zogale. Mai mota ko babur da ya kai yaro asibiti kyauta ya yi sadaka wadda Allah kaɗai ya san nauyinta.

Waɗanda cutar ta riga ta bar wa tabo kuwa, 'yan'uwanmu ne. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabobi. Kada a ɓoye su a ƙuryar ɗaki, kada a ware musu kwano, kada a hana su makarantar allo ko ta boko ko sahun salla. Limamai da masu unguwanni su bincika, in akwai irinsu a gari, ko sun girma, a haɗa su da asibiti.

Ya Allah, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ka ba likitocinmu basira da haƙuri da tsoronka. Ka tsare 'ya'yanmu daga yunwa da cuta, ka ba mu damina mai albarka, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka sanya mu cikin bayinka da kake 'yantawa daga wuta a wannan wata. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.