Lissafi da Hannu Ake Koyonsa: Jawabi Kan Shirya 'Ya'yanmu Domin Jarrabawar Kammala Sakandare

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamai, iyaye mata, da 'yan uwa 'yan asalin Ƙofar Kwaya da kuka taso daga Kano, Kaduna, Abuja da Legas domin wannan zama.

An nemi in yi magana kan darasin lissafi da yadda 'ya'yanmu za su fuskance shi a jarrabawar kammala sakandare. Kowa a cikinmu ya san cewa hanyar da ta fita daga ƙofarmu ta nufi Dutsin-ma, a kanta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina take, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Yaron unguwarmu ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya isa bakin waɗannan makarantu, amma sau da yawa abin da ke tsakaninsa da shigarsu layi ɗaya ne a takardar sakamakonsa, wato makin lissafi. Wanda ya sami daga A1 zuwa C6 ya sami kiredit. Wanda ya sami D7 ko E8 ko F9 kuwa, ƙofar karatun likita, injiniya, akanta da kimiyyar kwamfuta ta rufe masa har sai ya sake zama. Gaskiya ne a shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin kiredit a lissafi ga masu neman fannonin harsuna da adabi da makamantansu, to amma ta bayyana cewa kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawar darasin.

Kafin mu shiga aiki, ya kamata mu tuna wa yaranmu cewa lissafi ba baƙo ba ne a Katsina. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya tashi daga ƙasar nan ya tafi aikin Hajji, a shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara hatimin lambobi, sannan ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masu nazarin tarihin lissafi na duniya har yau suna ambaton sunansa. Ga hatimi mafi sauƙi, mai gida tara:

8  1  6
3  5  7
4  9  2

Ta ko'ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Dalilin shi ne lambobi daga 1 zuwa 9 idan aka tara su 45 suke bayarwa, layi kuma uku ne, 45 a raba gida uku ya zama 15. Hatimi mai gida 25 kuwa jimillarsa 325, a raba gida biyar ya zama 65. Tara lambobin da ke jere irin haka babi ne guda a manhajar WAEC da NECO.

Abin da nake son mu tafi da shi daga wannan zauren shi ne cewa lissafi da hannu ake koyonsa. Yaro zai iya kallon malami yana aiki a allo shekara uku, yana gyaɗa kai, ranar jarrabawa ya kasa rubuta layi biyu, kamar dai yadda ba a koyon ɗinki da kallon tela. A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi. Takarda ta biyu kuwa tambayoyi 13 ne, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole ne. A wannan takarda ta biyu masu dubawa suna ba da maki ga hanyar da aka bi, daban da makin amsar ƙarshe. Saboda haka yaron da ya jera aikinsa daki-daki ya yi tuntuɓe a ƙarshe yana iya fin wanda ya rubuta amsa tsirara ba tare da nuna inda ta fito ba. Bari mu gwada misalai uku.

Na farko. A ce mace ta sayi tiya uku ta gero da tiya biyu ta dawa a kan N5,600. Maƙwabciyarta ta sayi tiya biyu ta gero da tiya uku ta dawa a kan N5,400. Nawa ne tiyar kowanne? Matakin farko, kuma a nan ne yawancin yara ke tsayawa, shi ne mai da zancen zuwa alamomi. A kira kuɗin gero g, na dawa d. Layi na farko 3g + 2d = 5,600, na biyu 2g + 3d = 5,400. A ninka na farko sau uku, ya zama 9g + 6d = 16,800. A ninka na biyu sau biyu, ya zama 4g + 6d = 10,800. A ɗebe na ƙasa daga na sama, dawa ta ɓace, saura 5g = 6,000. Ke nan gero N1,200 ne. A mayar da shi layi na farko, dawa ta fito N1,000. Sai a gwada a layi na biyu: 2,400 da 3,000 sun ba da 5,400. Wannan gwajin na ƙarshe bai kai minti ɗaya ba, amma shi ke tabbatar wa yaro da amsarsa kafin ya wuce.

Na biyu. Mutum ya sayar da rago a kan N90,000, ya ci ribar kashi 20 cikin 100. Nawa ya sayo shi? Mai gaggawa zai cire kashi 20 daga 90,000 ya ce 72,000, kuma kuskure ne, domin a kan uwar kuɗi ake lissafa riba. Uwar kuɗi ita ce 100, da riba ta zama 120, wannan 120 kuwa ita ce N90,000. A raba 90,000 gida 120, a sami 750, a ninka sau 100, a sami N75,000. Kashi 20 na 75,000 shi ne 15,000, a haɗa su a koma 90,000. Masu tsara tambayoyin zaɓi sun san wannan ramin, shi ya sa sukan ajiye amsar kuskuren a cikin zaɓin domin mai gaggawa ya faɗa.

Na uku, daga makarantar zaure. Mutum ya rasu ya bar N1,200,000 bayan an biya bashi da wasiyya. Magadansa su ne mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, ɗaya cikin takwas. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Ƙaramar lambar da takwas da shida ke shiga cikinta ba saura ita ce 24, malaman gado kuma ita suke kira asalin mas'ala. Kowane kaso N50,000 ne. Matar ta ɗauki uku, N150,000. Mahaifiya ta ɗauki huɗu, N200,000. Sauran N850,000 a raba gida biyar, tunda namiji yana da rabon mata biyu: 'yar ta sami N170,000, kowane ɗa N340,000. Wannan shi ne babin ɓangarori da na rabo a littafin aji huɗu. Ba abin mamaki ba ne, domin littafin da Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunansa kalmar aljabara ta samo asali, babban sashensa kan rabon gado da wasiyya yake.

'Yan uwa, duk waɗannan tambayoyi da Turanci za su zo wa yaranmu. Yarinyar da ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashi, da yaron da ke tsaron shago a kasuwa, ba kaifin ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Abin da ke kayar da su shi ne fahimtar abin da aka tambaya, da rashin sabo da rubuta matakai. Maganin kuwa a fassara wa yaro tambaya da Hausa har ta zauna masa, sannan a sa shi ya yi irinta goma da Turanci, a duba, a gyara masa da jan biro.

A nan ne aikinmu ya shigo, mu da Allah Ya sa neman abinci ya kai mu birane. Da yawanmu mun saba biya wa ƙannenmu da 'ya'yan 'yan uwa kuɗin rajista, Allah Ya saka. Sai dai kuɗin rajista a aji shida yake zuwa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce ta buɗe ajin lissafi na Asabar da Lahadi a ɗaya daga cikin makarantun unguwa, a fara da 'yan aji huɗu, maza da mata. A sayi littattafan tambayoyin shekarun baya, da akwatunan kayan awo, da takardun zanen jadawali. A ɗauki malami a riƙa biyansa a kan lokaci, a haɗa shi da ɗalibanmu na jami'a da matasa masu yi wa ƙasa hidima domin duba aikin yara. Sharaɗin ajin ɗaya ne: kowane yaro ya yi tambayoyi biyar a rana cikin littafinsa, ya kawo a gani. A wata guda ya yi 150. A duk ƙarshen zango a zaunar da su jarrabawar gwaji da agogo, awa biyu da rabi cur.

Ina kuma roƙon iyaye da su nisanci makarantun da ake kai yara domin a rubuta musu amsa. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon da suka yi zargin an yi maguɗi, suna kuma soke shi idan ya tabbata. Wanda ya tsira daga wannan, jarrabawar JAMB tana jiransa a gaban kwamfuta, bayanta kuma ga ajin farko na jami'a. Kiredit ɗin da yaro bai yi wa gumi ba nauyi ne aka ɗora masa, ga kuma alhakin koya masa ha'inci tun yana ɗanye.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da Katsina da Nijeriya lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.