Tsofaffin Kwamfutoci Da Sabuwar Manhaja: Jawabi A Taron Shekara

Shugaban taro, mai girma shugaban makaranta, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da sake haɗuwa.

Kwamiti ya umarce ni in yi magana a kan tsofaffin kwamfutocin da 'yan ƙungiya suka tara wa makaranta. Ni ba injiniya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, abin da na sani kuwa da kuskure na koye shi. Yawancin na'urorin nan Windows 10 ke kansu, kamfanin Microsoft kuma ya kawo ƙarshen tallafa masa ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi da dama ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Ke nan ko dai mu ɗora musu wata babbar manhaja, ko su zama kayan ajiya a sito ƙannenmu na kallo ta taga. Shawarata ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland. Kyauta ce, kuma irin su Linux Mint da Lubuntu ba su cika wahalar da tsohuwar na'ura ba.

Idan mutum ya sauko da manhajar daga intanet, fayil guda zai samu, sunansa ya ƙare da ISO. A nan na fara faɗuwa. Na kwafe shi zuwa faifai kamar yadda nake kwafar wasiƙun ofis, na kunna na'ura, ta yi biris da ni. Sai da na lalata faifai uku ina zagin mai shago, kafin wani yaro ɗan bautar ƙasa ya duba ya ce, "Yallaɓai, ai ba haka ake yi ba." Ashe fayil ɗin nan hoton faifai ne sukutum, kamar ƙunshin kayan ɗaki. Ni na jefa ƙunshin cikin ɗaki ban kwance ba. Na'ura kuwa, da zarar an kunna ta, akwai wurin da take zuwa neman umarnin tashi, in ba ta same shi a nan ba sai ta wuce abinta.

Saboda haka dole a zaɓi umarnin rubuta hoton faifai. Tun daga Windows 7 akwai shi: a danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil ɗin, za a gan shi. A sa alamar tantancewa don na'ura ta sake karanta abin da ta rubuta, idan kuma manhajar ta ba da zaɓin sauri, a ɗauki na ƙasa. Bayan an gama a buɗe faifan. In an ga fayil ɗaya tilo mai ISO, an yi asara. In an ga jakunkuna da yawa, aiki ya yi.

A kula da girma. Faifan CD megabayit 700 yake ɗauka, DVD kuma gigabayit 4.7. Linux Mint za ta shiga DVD, amma Ubuntu ta 2024 ta fi ƙarfinsa. Shi ya sa yanzu aka fi amfani da filash mai gigabayit 8 ko fiye, a rubuta shi da Rufus ko balenaEtcher. Sai dai a ji tsoro, rubutun zai share duk abin da ke cikin filash ɗin. Haka hotunan sunan ɗiyata suka tafi, har yau uwargida ba ta huce ba.

Kafin duk wannan, a tabbata fayil ɗin ya sauko daidai, domin mun san halin wuta da intanet a wurinmu. Masu manhajar suna buga wata lamba mai suna SHA256, haruffa da lambobi 64. A sa kwamfuta ta lissafa ta fayil ɗin da aka sauko da shi, a gwada su. Ko harafi ɗaya ya saɓa, a sake saukowa.

Na ƙarshe, dole a gaya wa na'ura ta tashi daga faifan. Ana kunna ta a riƙa danna F12 a kan Dell, ko F9 a kan HP. A fara gwada manhajar daga faifan ba tare da an girka ba, a ga ko sauti da intanet suna aiki. Kuma kada a girka sai an kwashe takardun masu na'urar na farko an mayar musu.

Roƙona ga shugaban makaranta shi ne ya ba mu malami ɗaya da ɗalibai biyar, mu yi aikin tare ranar wata Asabar, domin ranar da na'ura ta tsaya kada a jira mu. Filash biyu na farko ni zan saya.

Malamanmu, kun yi haƙuri da mu muna yara, Allah Ya saka muku da alheri, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.