Macleans da Cinikin Farin Haƙori



An nemi in yi magana a kan man goge baki mai sa haƙora fari. Na ga ya fi kyau in ɗauki guda ɗaya mu bi sawunsa, maimakon mu yi ta tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan. Na zaɓi Macleans, wanda ya daɗe a kasuwanninmu har duk wani man goge baki muke ce masa makilin.

Wani mutum mai suna Alex Maclean ne ya kafa kamfanin a Ingila a 1919. Da farko haɗa wa masu kemis kayayyaki yake yi su sayar da sunansu. Bayan kamar shekara goma sai ya fito da nasa man goge baki, mai ɗauke da sinadarin feroksaid, wanda aka sani da ɗauke launi daga jikin abu. A zamanin galibin masu wannan sana'a tsabta da ƙanshin baki suke talla. Shi kuwa sai ya kama fari ya riƙe. Ciniki ya buɗe, a farkon shekarun 1930 kamfanin ya gina babbar masana'anta a Brentford, yammacin Landan, yana kuma yin garin maganin ciki wanda shi ma ya karɓu. Tallarsa ba ta da wani dogon bayani, tambayar mutum kawai take yi ko ya goge bakinsa da Macleans yau. Mai tallar ya san cewa kunya ta fi wa'azi saurin tura mutum shago.

A 1938 kamfanin Beecham ya sayi Macleans, a shekarar ya sayi Lucozade, shekara ta gaba ya haɗa da man gashi na Brylcreem. A nan nake so mu ɗan dakata, domin akwai abin da ba a cika faɗa ba. Cikin ma'aikatan da Beecham ya gada daga Macleans akwai Leslie Lazell, wanda daga baya ya shugabanci kamfanin baki ɗaya. Shi ne ya dage a riƙa zuba ribar waɗannan kayan kanti cikin binciken magunguna. Daga ɗakunan binciken Beecham aka samo hanyar sarrafa fenisilin a ƙarshen shekarun 1950, aka fitar da amfisilin a 1961, sannan amoksisilin a 1972. Wato kafson da likita ke rubuta wa yaronka idan ƙirjinsa ya kama, akwai kuɗin masu son farin haƙori a cikin tarihinsa. Ni wannan ya fi burge ni fiye da duk wata talla da kamfanin ya taɓa yi.

Sauran labarin na haɗewar kamfanoni ne. Beecham ya zama SmithKline Beecham a 1989, ya zama GlaxoSmithKline a 2000, a 2022 kuma aka ware ɓangaren kayan masarufi aka sa masa suna Haleon, inda Macleans ke zaune tare da Sensodyne da Aquafresh da Panadol. A Nijeriya, Beecham ya yi rajista a 1971, daga baya aka yi masana'anta a Agbara ta Jihar Ogun. A watan Agustan 2023 GlaxoSmithKline ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa da kansa a ƙasar, ya bar wa dillalai rarraba kaya. Samfuran da ake sayarwa da sunan Macleans a ƙasashe daban-daban sun haɗa da mai ƙanshin na'ana'a, da mai alkawarin ƙarin fari, da na ƙananan yara masu haƙoran nono.

To, me man yake yi a zahiri? Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashe mai launin ɗorawa-ɗorawa. Launin da kake gani a madubi haɗin waɗannan biyun ne, kuma kowa da irin nasa, gado ne. A kan ɓawon ne goro da shayi da taba ke barin tabo. Yawancin man da aka rubuta wa alkawarin fari, abin da ke aiki a cikinsa wani lallausan gari ne, silika ko alli, mai kankare wannan tabo na sama, kamar yadda toka ke fitar da baƙin tukunya. Zai mayar maka da haƙorinka yadda Allah ya yi shi. Ba zai kai ka gaba da nan ba. Feroksaid na iya shiga ciki ya sauya launi, amma sai yana da ƙarfi kuma ya jima a kan haƙori. A Tarayyar Turai, abin da ake sayarwa a kanti ba a yarda ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba, wanda ya kai kashi 6 kuwa sai ta hannun likitan haƙori. Minti biyu na goge baki da ɗan wannan adadi ba zai yi abin da hoton kwali ke nunawa ba.

Abin da ke damuna shi ne wanda bai ga farin da aka yi masa alkawari ba, sai ya ƙara ƙarfi. Ya sayi buroshi mai tauri, ya haɗa da gawayi, wani har da lemun tsami da kanwa, yana dirza safe da yamma. Ɓawon haƙori idan ya cinye ba ya tofowa. Yana sirancewa ɗorawar ciki tana ƙara bayyana, dasashi yana ja da baya, ruwan sanyi ya zama abin tsoro. Mai neman fari ya ƙare da haƙori mafi ja fiye da da, ga zogi. 'Yan mata masu shirin aure da samari masu ɗaukar hoto, ku nake nufi musamman.

Mu tuna kuma cewa ba kullum fari ne ado ba. Kakanninmu mata da fure da goro suke rina haƙora su yi jawur, a kuma yaba musu. Ba ina cewa a koma can ba ne. Ina nuna cewa abin da ido ke so yana sauyawa, kuma masu talla na da hannu a wannan sauyi. Aswaki kuwa yana nan daram, ga lada ga tsabta, ba ya kuma hana amfani da makilin.

Sinadarin da ya fi kowanne amfani a cikin man shi ne wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a baya: fuloraid. Shi ke ƙarfafa ɓawon haƙori ya hana kogo, tun da aka fara sa shi a man goge baki na kasuwa a Amurka a tsakiyar shekarun 1950. A man babba ya kamata yawansa ya kasance tsakanin 1,000 da 1,500 a ma'aunin ppm da za ku gani a jikin kwalin. A goge sau biyu a rana, na dare kafin barci ya fi muhimmanci, a tofar, kada a bi da kurkurar ruwa nan take. Yaron da bai kai shekara uku ba a shafa masa gwargwadon ƙwayar shinkafa, mai uku zuwa shida gwargwadon ƙwayar wake, babba na tsaye a kansa don kada ya haɗiye. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin jabu na yawo.

Fuloraid ɗin ma idan ya yi yawa cuta ne. Akwai garuruwan da ruwan rijiyarsu ke ɗauke da shi fiye da kima, irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe, inda za ka ga yara da haƙora masu dabbare-dabbaren fari da ruwan ƙasa. A Tibiri ta jihar Maraɗi abin ya wuce haƙori, ya taɓa ƙasusuwan yara. Wannan tabo a cikin haƙori yake tun yana tsirowa, babu makilin ɗin da zai fitar da shi, komai tsadarsa. Uwar da ke dirza bakin irin wannan yaro tana zaton ƙazanta ce, a gaya mata ba laifinsa ba ne. Shi yaron a kai shi wurin likitan haƙori, ruwan garin kuma hukuma ta aiko a auna shi.