JAWABI GA MALAMAI MASU NIYYAR ƘARO ILMIN SHUGABANCIN MAKARANTA

 

Maganar yau ta shafi malamanmu waɗanda suka sami digiri na fari, suna kuma da niyyar komawa jami'a su koyi ilmin gudanar da makarantu da tsara sha'anin ilmi. Amma kada iyayen yara su ce babu ruwansu, gama mutumin da zai yi wannan karatu shi ne gobe zai riƙe makarantar da 'ya'yansu suke ciki.

Dalilin Wannan Karatu

Kowa a nan ya san yadda noman rani yake. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta yana biyo babbar hanya har ya iso gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Ruwa akwai shi, amma in mai ƙofa bai buɗe kan lokaci ba, ko kuwa aka bar ciyawa ta toshe hanya, to, manomin da yake ƙarshen layi sai ya ga shinkafarsa tana bushewa. Haka makaranta take. Ko da Gwamnati ta gina azuzuwa, ta aiko da malamai da littattafai, in shugaba bai iya rabon aiki da lokaci da kuɗi ba, yaron da yake bayan aji ba zai ga amfaninsu ba. Iya koyarwa daban, iya shugabanci daban, kowanne kuwa koyonsa ake yi.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yana hedimasta na Midil ta Bauci ya tafi Jami'ar Landan a 1945 ya ƙaro ilmin koyarwa. Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Su sai da suka ƙetare teku. Ku kuwa ga Jami'ar Bayero a Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa mai cibiya a Kano, inda mutum zai yi karatu yana kan aikinsa.

Sharuɗɗan Shiga

Kowace jami'a tana fid da nata sharuɗɗan a sanarwar shekara, lalle ne mutum ya karanta da kansa, kada ya dogara ga ji-ta-ji-ta. Amma a mafi yawansu abin da ake nema ga mai son digiri na biyu shi ne wannan:

1. Takardar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO, da kiredit 5, har da Ingilishi da Lissafi. Sau da yawa wannan ita ce take kā da manyan malamai, domin sun ɗauka digiri ya shafe ta.

2. Digiri na fari a fannin ilmi daga jami'ar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da ita, da daraja ta biyu, ko da ƙarama ce.

3. Wanda digirinsa ba na ilmi ba ne, misali ya karanta aikin gona ko tarihi, sai ya fara yin difloma ta koyarwa ta bayan digiri, wadda aka sani da PGDE.

4. Takardar hidimar ƙasa, ko kuwa takardar da ta nuna an ɗauke masa.

5. Cikakken sakamakon jarrabawa, wanda tsohuwar jami'arsa za ta aika da kanta. Wannan yakan ɗauki lokaci, don haka a nema da wuri.

6. Sunayen mutanen da za su ba da shaida a kan ilminsa da halinsa. Waɗansu jami'o'i kuma sukan yi jarrabawar tantancewa.

Mai takardar NCE kada ya karaya. Ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a Nijeriya, kuma da ita ake shiga jami'a kai tsaye a aji na biyu. Sai dai ba a tsallake digiri na fari. Haka nan kowane malami ya tabbata ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1993.

Abin Da Ake Bukata Ga Ɗalibi

Samun shiga ba shi ne wuyar ba. Mai karatu na cikakken lokaci zai yi zango 3 ko fiye, mai zuwa ƙarshen mako kuwa ya fi haka daɗewa. Za a koya masa tsara ilmi, watau lissafin yawan yara da azuzuwa da malaman da za a bukata nan gaba. Za a koya masa kasafin kuɗin makaranta, da kula da ma'aikata, da duba aikin malamai, da dokokin ilmi, da kiyaye gine-gine. Akwai kuma darussa biyu da ba makawa, hanyoyin bincike da ƙididdiga. Wanda ya daɗe da rabuwa da lissafi ya fara bita tun yanzu.

Ku lura da abu uku. Na fari, a wannan mataki makin ci 50 ne cikin 100. Na biyu, ƙa'ida ce ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, kuma ba a karɓar uzurin cewa ranar ce aka ba layinku ruwa. Na uku, malamin jami'a ba zai tauna ya ba ka a baki ba. Zai nuna maka littattafai, kai za ka karanta, ka tsaya gaban 'yan'uwanka ka yi bayani, su yi maka tambayoyi. Neman shiga da biyan kuɗi ta intanet ake yi yanzu, don haka sanin kwamfuta ya zama tilas.

Kundin Bincike

A ƙarshe kowane ɗalibi zai rubuta kundi, galibi babi 5, a ƙarƙashin malamin da aka ba shi. Zai kare shawararsa tun kafin ya fara, sa'an nan in ya gama a kira masani daga wata jami'a ya jarraba shi baki da baki. Kwafar aikin wani, ko biyan wani ya rubuta maka, babban laifi ne. Akwai na'urar da take gane shi, yana kuma jawo kora.

A nan ne nake roƙonku. Kada ku ɗauko matsalar Ikko ko ta Amurka alhali ga taku a ƙofar gida. Ƙasar nan ba ta da hutun rani irin na sauran ƙauyuka. Ana cire shinkafar damina, sai alkama da tumatir da albasa. Yaran da aka ga babu su a aji ranar dashe, ko lokacin korar tsuntsaye, ko sa'ad da motoci suka cika Kwanar Gafan, su nawa ne, daga wane aji, kuma su nawa suke dawowa? 'Yan mata nawa aikin turara shinkafa da talla suke hana wa zuwa? Kwana nawa tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suke cinye wa yaran da suke wanka a hanyar ruwa? Kwamitin iyaye da malamai mai lura da makaranta, yana zama kuwa? Rajistar aji da take cikin akwatin hedimasta tana ɗauke da rabin amsar. Wanda ya ƙirga waɗannan da gaskiya, ya kai wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, ya ba hukuma abin da za ta tsaya a kai. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na fari kyauta ne, kuma wajibi. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Amma doka ba ta san sunan yaron da bai zo ba, sai hedimasta.

Shiri Kafin Tafiya

Kada kowa ya bar ajinsa ba da izini ba. A rubuta takardar neman hutun ƙaro ilmi ta hannun shugaban makaranta da ofishin ilmi, a jira amsa a rubuce. A yi lissafin kuɗin makaranta, da na mota, da na buga kundi, a ware tun daga kaka. A yi shawara da iyali, a san wanda zai tsaya a gona. Malamai mata kuwa, muna roƙon mazajensu da iyayensu su ba su goyon baya, gama iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar 'ya'yansu mata a makarantar da mace take shugabanta.

Kada kuma a zaci takarda kaɗai za ta ba mutum kujera. Naɗin hedimasta ko firinsifal yana hannun hukuma, ana duba shekarun aiki da hali. Abin da karatun zai ba ka shi ne, ran da aka damƙa maka makaranta, ka san ta inda za ka kama.

To, jama'a, wanda ya cika sharuɗɗa ya fara tattara takardunsa. Wanda bai cika ba ya san abin da ya rage masa, ya nema. Wanda kuma ya tafi ya gama, ya tuna kuɗin jama'a da haƙurin yara ne suka kai shi, ya komo ya yi musu aiki. Allah ya ba da sa'a, ya ba mu damina da rani masu albarka.