Ladan Mai Jinya da Nauyin Amanarsa

Nasiharmu ta yau kan masu jinya ce.

A ƙauyukanmu da yawa babu babban likita. Majo ne ke duba marar lafiya, ya rubuta magani, ya kwana kan yaro mai masassara. Sau nawa ake kiran magariba allura na hannunsa, ya sha ruwa a tsaye! Aikin nan yana da asali: Rufaida, Allah Ya yarda da ita, ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Gwalalo.

Ya kai mai jinya, gyara niyya, aikinka ibada ne. Amma amana ce: kada ka tsawata wa talaka, kada ka sayar da maganin kyauta, kada ka tona asirin wanda ka duba.

Ku kuma iyaye, kuna son mace ta duba matanku, amma kun hana ɗiyanku mata koyon aikin. To, wa za ta duba su?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi azuminmu. Amin.