Ƙofar Ajin Kimiyya Tana Bakin Rumbu

 

An ba ni 'yan mintoci in faɗi abin da matasa ke so a saka a takardar manufofin ɓangarenmu kan ilimi. Abu ɗaya na zo da shi. Ku shiga ajin kimiyya na babbar sakandare, ku tambayi yara sana'ar iyayensu. Ɗan makiyayi nawa za ku samu? 'Yar masunci fa? Waɗanda ke ciyar da mu, 'ya'yansu ne 'yan tsiraru a ajin.

Ba yau aka gane matsalar ba. A 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya mai hedikwata a Kaduna. Amma makarantar kimiyya da jarrabawa ake shigarta. Yaron da tun a firamare aka sa masa a rai cewa kimiyya ta 'yan birni ce, ko fom ba zai saya ba.

To, ta ina za a jawo shi? Ta abinci.

Ku ɗauki wake. Kowane ɗan manomi ya san yadda ƙwari ke mayar da shi gari a ajiya, ya kuma san yadda wasu ke zuba masa fiya-fiya. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Malami ya zo aji da buhu biyu: ɗaya na gama-gari, ɗaya mai leda biyu a ciki, wato buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka. A cika su da wake, a ɗaure, yara su rubuta rana. Bayan wata biyu a kwance. Me ya kashe ƙwarin a buhu na biyu alhali ba a sa magani ba? Sun shaƙe iskar oksijin da ke ciki, wata kuma ba ta shiga ba. A nan yaro ya koyi numfashin halittu, ya koyi gwaji da kwatantawa, ya auna asara da sikeli. Sannan ya koma gida da abin da zai ceci waken babansa. Wallahi uban da ya ga haka ba zai cire ɗansa daga makaranta da sauƙi ba.

'Yar Fulani kuwa, kullum tana ganin inna ta dafa madara, ta zuba ɗan tsohon kindirmo, gari ya waye ta kama. Aikin bakteriya ne. A ranar wannan darasi ita ce gwanar aji, ba wadda ake wa dariya a bencin baya ba. Haka ɗan ƙauye zai tumɓuke wake ya nuna ƙulluttukan saiwarsa, inda ake tara sinadarin naitirojin, ya gane abin da ya sa kakanni ke haɗa gero da wake a gona ɗaya.

Na ji wani ya ce wannan ai mayar da yaran talaka gona ne. A'a, ranka ya daɗe. Wanda ya fahimci buhun nan ya kama hanyar zama likita ko mai bincike a Samaru.

Buƙatarmu: kowace ƙaramar sakandare ta karkara ta samu fili, sikeli, buhunan ajiya, da malamin da aka horar, kuma a ware gurabe a makarantun kimiyya don 'ya'yan makiyaya da masunta, musamman mata. Kuɗin bai kai na shinkafar da ake rabawa a kakar zaɓe ba, kowa a nan ya sani.

Shugabannin matasa na mazaɓu, kafin zama na gaba kowa ya kawo sunayen makarantun yankinsa da ke da fili a zaune. Da su za mu je gaban kwamiti.